Yankewa Daban, Tsinkewa Daban

Kawuna ya yi fiye da shekara 20 yana tsaye gaban injin kaɗi a wata masaƙa a Kakuri ta Kaduna, kuma har yau in ka ce masa zare ya yanke, sai ya gyara maka. Ranar da na fara shan wannan gyara muna zaune ne a teburin mai shayi kusa da kasuwar Litinin, ina ba shi labarin yadda carbina ya watse a sahun Juma'a, 'ya'yansa suka bazu ƙarƙashin ƙafafun mutane. Na ce igiyar ce ta yanke. Ya ajiye kofinsa ya dube ni.

"Wa ya yanke ta?"

Na ce, "Ba kowa, Kawu. A hannuna take."

"To, ɗana, tsinkewa ta yi. In ka ce mini ta yanke, sai in tambaye ka ina wuƙar."

A lokacin na ɗauka rigimar tsufa ce. Ai Bahaushe yana cewa guzuri ya yanke wa matafiyi, ba kuma wanda ya taɓa neman wuƙar da ta yi aikin. Haka nan mutum yana iya sa hannu da gangan ya tsinke igiya. Amma da na yi ta juya maganar, sai na ga kunnen Kawu ya ji abin da nawa bai ji ba. Kowace daga cikin kalmomin biyu tana ɗauke da labarin yadda abu ya rabu. A cikin ɗaya akwai kaifi, a cikin ɗayar akwai ja.

Hausa ba ta yi rowar kalmomin rabuwa ba. Mahauci yana yanka dabba, ya feɗe ta, ya sare ƙashi, ya daddatsa haƙarƙari, ya yayyanka tsoka don tsire. Mai itace yana faskarawa. Wanzami yana tsagawa. Yaro yana gutsurar ƙosai, tsohuwa tana ɓantarar goro, uwar gida tana fere doya. Mai yadi kuwa yakan ɗan ciji bakin yadin da almakashi, sannan ya kama gefe biyu ya kece shi, ƙarar ta cika rumfa, yagar ta bi layin saƙa ba karkacewa. Kowace kalma ta san makaminta, ta san kuma abin da ake yi mata da shi. Ba a faskara nama, ba a fere igiya. Wanda ya buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934 ko na Abraham na 1949 zai tarar da su birjik, ga shi kowace tana da 'ya'ya. A 1960 ne masanin harshe Parsons ya tsara fi'ilan Hausa zuwa aji 7, yana nuna yadda wasalin ƙarshe da karin sauti ke juya ma'ana. Wanda ya yanki nama ya ɗebi kaɗan ya bar saura. Wanda ya yanko ciyawa ya taho da ita gida. Wanda ya yanke reshe, ya raba shi da bishiya ke nan har abada.

Masu Turanci ma suna da irin wannan gardama, kuma ɗalibanmu kan yi tuntuɓe da ita. Akwai "sever", akwai "cleave", ƙananan ƙamus kuma sukan fassara su duka da yanke ko raba. Ta farko ta shigo musu ne daga Latin ta hanyar Faransanci, aikinta gicciye abu a datse shi daga uwarsa: hannu daga jiki, igiya daga turke, ƙasa daga hulɗa da wata ƙasa. Ta biyu tsohuwar kalmarsu ce ta gado, ita kuma bin jijiyar abu take yi a tsaye, kamar yadda gatari ke bin jikin itace. Mu sai mu ce waccan datsewa ce, wannan faskarawa. Abin mamakin shi ne ta biyun tana da tagwai mai kama da ita sak a rubutu da furuci, mai ma'anar mannewa. Asalinsu fi'ilai biyu ne daban a tsohon Turanci, zamani ya goge bambancinsu. Saboda haka a cocin Sabon Tasha ko Narayi, in ana ɗaurin aure aka karanta tsohuwar fassarar Turanci ta 1611, kalmar da ake gaya wa ango ya manne wa matarsa da ita, ita ce dai wadda aka samo sunan babbar wuƙar mahautan Turawa daga takwararta. Kada mu yi musu dariya. Tsakanin raba da raɓa lanƙwasa ɗaya ce a kan harafi, kuma mafi yawan saƙonnin da muke aika wa juna a waya ba sa sa ta.

Sai dai gardamar Turawa a kan inda kaifin ya bi ne, a gicciye ko a tsaye. Ta Kawu ta fi nan zurfi, domin shi tambayarsa ita ce ko akwai kaifin ma.

Mai yankewa yana zaɓen wuri. Tela yakan auna, ya ja layi da alli, kafin almakashi ya taɓa yadi. Wannan niyya ce ta bi kalmar duk inda ta je. Alƙali yana yanke hukunci, dattawa suna yanke shawara, waliyyai suna yanke sadaki. Mai sauri yana bin yanke. Wanda aka ɓata wa rai yana yanke hulɗa. A duk waɗannan akwai wanda ya tsaya ya ce nan ne iyaka, daga nan ba ƙari. Ba dukansu ne sharri ba. Yankan farko da ake yi wa ɗan Adam shi ne na cibiya, kuma ba don shi ba da jariri bai zama mutum mai kansa ba. Amma a ƙarshen wannan layi akwai maganganu biyu masu nauyi, yanke zumunci da yanke ƙauna. Malamai da fastoci duk suna tsoratarwa a kan su, kuma kafin wa'azi ya iso karin magana ta riga ta faɗa: hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Tsinkewa ba ta da alli. Igiyar guga takan shekara tana gogar bakin rijiya, kullum sili ɗaya ko biyu na sallamawa ba wanda ya lura. Ranar da za ta tsinke, ruwan da ke cikin gugan bai fi na jiya nauyi ba. Silifa yakan tsinke a tsakiyar hanya, akuya takan tsinke daga turke, kuma ba mai igiyar ne ya zaɓi wurin ba, rauni ne ya zaɓa. Abin da ke biyo bayanta shi ne watsewa. Shi ya sa muke cewa jini ya tsinke wa mai haihuwa, yaro ya tsinke da zawo, zuciya ta tsinke da jin sallamar tsakar dare. Duk abubuwa ne da wani abu ke riƙe da su, riƙon ya gaza.

Mutanen unguwa sun san wannan bambanci ko da ba su taɓa zama sun yi nazarinsa ba. In gida ya yi duhu a Barnawa ko Makera, tambayar farko ita ce wane irin duhu ne. In an ɗauke wuta, sai haƙuri, za a kawo. In an yanke wuta, akwai wanda ya hau tsani da filaya, akwai kuma takardar da ba a biya ba. In waya ce ta tsinke bayan iskar farkon damina, sai a hana yara fita, a fara karo-karo. Duhun ɗaya ne, maganin uku.

Kawu ya koyi nasa darasin a inda tsinkewa take da lissafi. Kudancin kogin Kaduna wuri ne da aka gina a kan haɗuwa. Nan tashar jirgin ƙasa take, inda layin da ya taso daga Fatakwal ta Kafanchan ya sadu da na Legas zuwa Kano. A 1957 masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri, da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila, tana mayar da audugar Arewa akoko. Wasu suka biyo baya: Nortex, da UNTL a 1964 da jarin 'yan Hong Kong, da Arewa Textiles da jarin Japan. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a nan a 1975. Aiki ya jawo mutane daga ko'ina, Bahaushe da Bagwari da Bajju da Atyap da Tibi da Idoma da Igala da Bayarabe, suka cika gidajen haya na Kakuri da Makera da Nasarawa da Television, ɗaki na jikin ɗaki, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Adams Oshiomhole, wanda daga baya ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa ya kuma yi gwamnan Edo, a Arewa Textiles ya fara.

Aikin Kawu, in ji shi, bai wuce abu ɗaya ba: ya yi ta kai da kawowa gaban ɗaruruwan mazarai masu juyawa, idonsa na neman wanda zarensa ya tsinke. Da ya gani sai ya jawo bakin zaren, ya ɗora shi a kan audugar da ke fitowa daga injin, murɗawar mazarin ta haɗe su. Kakarsa ma haka take yi a ƙauye da mazarinta da allinta, sai dai ita guda ɗaya take tsaro. Almakashi kuwa a can ƙarshen masaƙa yake, inda ake yanke bandir bayan saƙa ta kammala. A wurinsu yankewa alamar an gama ce, tsinkewa kuwa kira ce, a zo a haɗa. Kuma in zare ya cika tsinkewa a inji ɗaya, ba zaren ake zagi ba. Sai a duba audugar, a duba ɗanshin ɗakin, a duba ko injin ya cika ja.

Daga baya masaƙun da kansu suka fara sallamawa sili-sili. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya tsawwala kuɗin kayan gyara da ake sayowa daga waje. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, baƙin man da ake hura tukwanen tururi da shi ya yi tsada. A 1997 aka ɗage takunkumin shigo da yadi, ga kuma atamfar fasa-ƙwauri mai araha tana kwararowa ta kan iyaka. KTL ta rufe ƙofa a 2002, UNTL ta tsaya a 2007. Ba wanda zai iya nuna maka rana ɗaya ya ce ga ranar da aka yanka masana'antar saƙa ta Kaduna. Igiyar guga ce.

A tsakiyar wannan lalacewa ne garin ya rabu. Ranar 21 ga Fabrairun 2000 rikici ya ɓarke a kan batun shari'a, ya sake tashi a watan Mayu. A Nuwamban 2002 aka yi na gasar sarauniyar kyau ta duniya, a Afrilun 2011 aka yi na bayan zaɓe. Rayuka masu ɗimbin yawa suka salwanta daga kowane ɓangare. Bayan kowace tarzoma sai ka ga motocin ɗaukar kaya a kan gada, katifa da tukwane a sama, wasu sun nufi arewa wasu sun nufi kudu. Musulmi da yawa suka bar unguwannin kudu zuwa Rigasa da Tudun Wada da Kawo, Kirista da yawa suka bar na arewa zuwa Sabon Tasha da Unguwar Romi da Gonin Gora, har wasu na yi wa gaɓoɓin biyu laƙabi da Makka da Urushalima. Kawu ma a 2000 ya kwashe iyalinsa daga Television ya haye.

Yau baƙo yakan ji ana cewa kogi ne ya raba Kaduna biyu. Kogin yana nan tun kafin Turawa su dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru a 1917, kuma shekara da shekaru ma'aikata na haye shi safe da yamma ba wanda ya kira shi iyaka. Ko a takardar gwamnati ma ba shi ne iyakar ba. Ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu, mai hedkwata a Makera, ta haɗa da Tudun Wada da Unguwar Sanusi da Badikko, waɗanda duk a arewacin kogin suke, yayin da Sabon Tasha da Narayi suke cikin Chikun. Mai alli ya ja layinsa a wani wuri, tsoro ya ja nasa a wani. Harshenmu kansa yana tona asirin yadda muke kallon ƙasa: yanki daga yanka yake, tsagi daga tsaga, ɓangare kuwa abin da aka ɓangare daga jikin wani abu ne. Ba mu iya ambaton inda muke zaune ba sai da kalmar da ke tuna cewa dā a haɗe yake da wani wuri.

To, Kaduna yanke ta aka yi ko tsinkewa ta yi? Na daɗe ina wannan tambaya, kuma na lura kowa yana zaɓen kalmar da za ta sauƙaƙa masa. Wanda ke gudun a tambaye shi inda yake a ranar yakan ce zaman lafiya ne ya tsinke, kamar yadda ake cewa ruwa ya sauko. Wannan kalma tana wanke hannun da ya riƙe adda, alhali an riƙe addar, an kunna ashanar, kuma waɗanda suka yi suna da suna da unguwa. Iyalan da aka kashe wa mutum suna da haƙƙin a yi musu magana da kalmar da ke tambayar wuƙa. Shi kuwa wanda ya gaji da maƙwabcinsa yakan ce an riga an yanke, kowa ya tsaya a gaɓarsa. Wannan kuma tana rufe ƙofa, tana kuma hana a duba abin da ya ci igiyar tun kafin ranar: dubban magidanta da aikinsu ke tangal-tangal, samarin da suka tashi ba jiniyar masaƙa da za ta kira su, da masu neman kujera da suka gane inda zaren ya yi siriri suka ɗora nauyinsu a kai. Ruwa ba ya tsami banza. Gaskiyar ita ce an yi duka biyun, kuma wanda ya faɗi ɗaya ya bar ɗaya ya faɗi rabin labari.

Akwai wani abu kuma da ya sa zaɓen kalmar yake da nauyi, wato gyara. Likitan tiyata ya fi son ciwon da kaifi ya yi. Bakinsa a daidaite yake, ɗinki yana kama shi, kuma yatsan da wuƙa ta datse ya fi sauƙin mayarwa a kan wanda inji ya fizge. Mai kaɗi kuwa akasin haka yake so. Bakin zaren da ya tsinke buzu-buzu yake, silin wannan gefe na neman na wancan, da an murɗa sai su kama juna. Injinan naɗe zare na zamani ma, in za su haɗa baki biyu ba tare da ƙulli ba, sai sun fara warware kowane baki da iska sun mayar da shi buzu-buzu, sannan su cakuɗa su. Wato ko bakin da aka yanke, sai an sassauta shi ya yi kama da wanda ya tsinke kafin ya yarda da ɗan'uwansa.

Ina ganin gari yana buƙatar likitan da mai kaɗin duka. Akwai raunin da sai an buɗe shi an wanke, an faɗi wanda ya yi, kafin a ɗinke. Akwai kuma wanda abin da yake jira kawai shi ne a kusanto da baki biyu. A rikicin 1992 da ya biyo bayan na Zangon Kataf, Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a Kaduna, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 suka haɗu, daga baya suka kafa cibiyar sasanci tsakanin addinai, kuma suna cikin waɗanda suka yi aikin da ya kai ga shugabannin addini 22 suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna ranar 22 ga Agustan 2002, a zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi. Hannun bai dawo ba, mamatan ba su dawo ba, kuma wata uku bayan sa hannun wani rikicin ya tashi. Abin da aka yanke ya yanku. Su biyun dai sun nemi silin da ya rage a kowane gefe, suka yi ta murɗawa.

Irin wannan sili yana nan da yawa ga mai ido. Mahauci da mai shayi da mai kayan miya Bahaushe suna nan a kasuwannin kudu. Ma'aikaciyar jinya daga Narayi tana haye gada kullum zuwa asibiti a arewa. Mazaɓun Kakuri Hausa da Kakuri Gwari suna nan kafaɗa da kafaɗa. An ƙara gadoji a kan kogin, har da wadda ta haɗa Kabala da Barnawa. Sai dai gada hanya ce kawai, zumunta kuwa a ƙafa take.

Bara aka gaya wa Kawu cewa wani tsohon abokin aikinsa, mutumin Kagoro da suka yi shekaru suna karɓar juna a inji ɗaya, yana kwance ba lafiya a Unguwar Romi. Ya ce in raka shi. Muka haye gada, muka hau Keke Napep daga Kakuri, muna tambaya har muka sami gidan. Tsohon yana kan tabarma a ƙofar ɗaki, ya daɗe yana kallon Kawu kafin ya gane shi.

Ya ce, "Mutumina, ashe kana raye. Ka yanke mu."

Na san abin da Kawu zai ce tun kafin ya buɗe baki. "Haba, abokina. Ban yanke ba. Tsinkewa ta yi."

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya ce, "Shekara nawa yau? A wurin aiki, wanda ya ga zare ya tsinke ya tsaya yana kallo har aka tashi, me ake rubuta masa?"

Ban taɓa ganin an ƙure Kawu a kan waɗannan kalmomi ba sai ranar. Ya sunkuyar da kai, ya cire takalmi, ya zauna a gefen tabarmar. Matar gidan ta kawo ruwa a kofin silba, ta gaishe shi da sunan da 'ya'yanta ke kiransa da shi tun suna Television. Suka shiga lissafin waɗanda suka rasu da waɗanda suka koma ƙauye, sashe-sashe, tun daga ɗakin kaɗi har ɗakin rini. La'asar ta yi, tsohon ya aiki jikansa ya nemo buta, ya nuna wa Kawu gabas.

A hanyar dawowa Kawu bai yi magana ba sai da muka kusa gada. Sannan ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Ɗana, duba mini ko lambar nan ta shiga daidai."